Dattijo Ya Miƙe Da Hanzari, Ya Zauna A Hankali

Shawarar da dattijo ke samu idan ya je ganin likita a Katsina kusan guda ce: a rage gishiri, a rage maiƙo, a sha magani kan lokaci, a riƙa ɗan tattaki da safe. Duk gaskiya ne. Sai dai babu ko ɗaya a ciki da ke maganin abin da ke fara kwantar da tsoho, wato ranar da ƙafa ta kasa ɗaga shi daga tabarma, ko ta kasa tare shi sa'ad da ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa. Tattaki yana taimakon zuciya da numfashi da suga, amma ba ya tilasta wa cinya ta fitar da ƙarfi mai yawa cikin ƙanƙanin lokaci, kuma wannan iyawar ce shekaru ke fara ɗaukewa. Ra'ayina shi ne duk wanda ya haura shekara 60 ya kamata a koya masa motsa jiki na ɗaga nauyi, kuma bayan 'yan makonnin kafa tushe a koya masa ɗagawa da hanzari da saukewa a hankali. Masu cewa tsoho ya yi komai sannu-sannu suna da rabin gaskiya. Sannu ba ta hana zuwa, amma ba ta hana faɗuwa.

Abu biyu ne ake haɗawa wuri guda alhali sun bambanta. Ƙarfi shi ne iyakar nauyin da tsoka za ta iya ɗagawa, ko da za ta ɗauki sakan 5 tana fama. Zafin nama kuwa ƙarfi ne haɗe da sauri: nawa ka fitar, kuma cikin wane lokaci. Takarkari ya fi dokin folo jan kaya, amma idan abu ya faɗo gabansu dokin ne zai kauce. Dattawa biyu na iya tura nauyi iri ɗaya da ƙafa, ɗaya cikin sakan 1, ɗaya cikin sakan 3. A takarda ƙarfinsu ɗaya. A bakin titin Ƙofar Ƙaura, mashin na tahowa, ba ɗaya suke ba.

Tun 1994 Dawn Skelton da abokan aikinta a Landan suka auna lafiyayyun maza da mata 100 'yan shekara 65 zuwa 89. Sun ga ƙarfi na raguwa da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a kowace shekara, zafin naman ƙafa kuwa da kusan kashi 3 da rabi. Dalilin yana cikin tsokar kanta. Zaren tsoka iri biyu ne, akwai mai jimiri wanda ke aiki a hankali bai gajiya da wuri, akwai mai sauri wanda ke bugawa da ƙarfi ya gaji nan take. Tsufa ya fi cin mai saurin: yana ƙanƙancewa, jijiyoyin laka da ke ba shi umarni suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, saƙon ƙwaƙwalwa kuma yana isa da jinkiri. Wani abin lura shi ne jiki ba ya kiran zaren mai sauri sai idan aikin ya yi nauyi ƙwarai ko an nemi yin sa da gaggawa. Mutumin da ya shekara 10 bai ɗaga abu mai nauyi ba, bai kuma yunƙura da sauri ba, ya shekara 10 ke nan bai taɓa wannan zaren ba, ko da kullum yana zuwa kasuwa a ƙafa.

Lokaci shi ne kan maganar. Tsoka na buƙatar kamar sulusin sakan ko fiye kafin ta kai iyakar ƙarfinta, wanda ya yi tuntuɓe kuwa abin da yake da shi don jefa ƙafa gaba ya tare jikinsa bai kai haka ba. Ƙarfin da ya iso bayan an kai ƙasa ba shi da amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka haura 60 su ne suka fi yawa a ciki. Wanda bai mutu ba sau da yawa ƙashin ƙugu ne ke karyewa, a kai shi wajen maɗori ko asibitin ƙashi, a kwantar da shi. Kwanciyar ita ma cuta ce. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2007, lafiyayyun dattawa masu kimanin shekara 67 sun kwanta kwana 10 kacal, suka yi asarar kusan kilo 1 na tsokar ƙafa. Abin da ya zube cikin kwana 10 yakan ci watanni kafin ya dawo, in ma ya dawo.

Rayuwarmu ta fi ta Bature neman ƙafa mai kyau. A ƙasa muke cin abinci, a ƙasa muke zaman gaisuwa da na ɗaurin aure, masai na tsugunno ne a yawancin gidaje, shiga kurkura sai an ɗaga ƙafa an sunkuya, ƙofar gida kuma sau da yawa sai an tsallake kwata. Mai sallar farilla a tsaye yana tashi daga ƙasa sau 17 a yini, in an haɗa da tashin bayan sallama, ban da nafila. Wannan babban jari ne, kuma ina ganin shi ke riƙe ƙafafun dattawanmu da yawa ba tare da sun sani ba. Sauƙin da addini ya yi wa wanda ba zai iya tsayuwa ba sauƙi ne na gaskiya, babu mai ja da shi, kuma wanda gwiwarsa ta lalace kada wani ya kunyata shi don ya ja kujera a sahu. Abin da nake so a lura da shi ta fuskar jiki shi ne ranar da mutum ya koma kujera ya rasa tashi 17 a kowace rana, fiye da 6,000 a shekara. In ba a maye gurbinsu da wani abu ba, kujerar da aka ɗauka don ciwon wata ɗaya takan zama ta har abada.

Mu 'ya'ya da jikoki muna ƙara wa abin gishiri da sunan ladabi. “Baba ku zauna, bari in ɗauko.” “Hajiya kawo butar.” Da dattijo ya yunƙura, hannu huɗu sun kama shi. Ladabi ne, kuma lada ne, amma ɗan da ke son mahaifinsa ya daɗe yana kai kansa masallaci gara ya tsaya kusa, hannunsa a shirye, ya bar Baba ya tashi da ƙafarsa.

To me bincike ya nuna? Tsoron cewa tsoho ba ya ɗaukar horo an kawar da shi tun 1990. A shekarar ce Maria Fiatarone ta buga sakamakon aikinta da tsofaffi 10 'yan shekara 86 zuwa 96 a wani gidan kula da tsofaffi a Boston. Mako 8 suna ɗaga nauyi mai nauyi da ƙafa, 9 suka kammala, ƙarfinsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100, tsokar cinya ta ƙaru da kashi 9. Wannan horon ƙarfi ne zalla, a hankali. A 2002 Roger Fielding, shi ma a Boston, ya raba mata 30 masu kimanin shekara 73 gida biyu, nauyi iri ɗaya, mako 16, bambancin kawai wasu na turawa da iyakar saurinsu, wasu a hankali. Ƙarfi ya ƙaru daidai wa daida, amma ƙarin zafin naman ƙafa na masu sauri ya kusa ninka na ɗaya rukunin.

A 2022 Anoop Balachandran da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje 20 daga ƙasashe 6, mutum 566, matsakaicin shekarunsu 70, kashi 65 cikin 100 mata, duk an gwada ɗagawa da sauri da ɗagawa a hankali. A ayyuka irin su tashi daga kujera, tafiya da hawa matakala, masu sauri sun fi, amma da ɗan kaɗan: 0.30 a ma'aunin masana, wanda a lissafinsu ƙaramin fifiko ne. Su da kansu sun ce hujjar ba ta da ƙarfi sosai, don gwaje-gwajen ƙanana ne, gajeru, kuma mahalartan mutane ne masu zaman kansu a gida, ba marasa lafiya na kwance ba. Rauni a duka ɓangarorin kaɗan ne, kuma ba a ga masu sauri sun fi jin ciwo ba.

Wanda ya ce wannan fifiko bai kai a yi ta surutu a kansa ba, ban ga laifinsa ba. Ratar da ke tsakanin mai horo a hankali da mai horo da sauri ƙarama ce idan aka gwada ta da ratar da ke tsakanin su biyun da wanda ke zaune a dakali tun hantsi har la'asar. Dalilin da ya sa duk da haka nake goyon bayan saurin shi ne kyauta ne. Kujera ɗaya, lokaci ɗaya, motsi ɗaya, umarnin kawai ake canzawa. Kuma ya dace da halin da muke ciki. Horon ƙarfi na sosai yana son nauyin da ya kai kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na iyakar abin da mutum ke iya ɗagawa, wanda ga ƙafa sai da na'ura ko ƙarafa da mai sa ido, abin da Gwaggo a Rafin Daɗi ko wani dattijo a ƙauyen Daura ba za su samu ba. Horon zafin nama yana yiwuwa da nauyi mai sauƙi. Wani gwaji a Sidni ta Ostareliya da dattawa 112 ya gwada nauyin kashi 20, 50 da 80, duk da sauri: zafin nama ya ƙaru kusan daidai a duka ukun, ƙarfi ya fi ƙaruwa ga masu nauyi mai yawa, daidaiton tsayuwa kuma ya fi gyaruwa ga masu mafi sauƙi.

Kada kuma a ɗauka ɗaga nauyi kaɗai ke hana faɗuwa. Bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya, ta yi a 2019 kan gwaje-gwaje 108 ta nuna atisayen daidaiton tsayuwa da na ayyukan yau da kullum na rage yawan faɗuwa da kusan kashi 24 cikin 100, haɗa shi da ɗaga nauyi kuma da kusan kashi 34. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga 'yan 65 zuwa sama ta ce ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, atisayen da ya haɗa daidaito da ƙarfi kwana 3.

Kafin a fara, a auna jini. Idan ya haura 180 bisa 110 a zaune, ba a ɗaga komai sai an sauko da shi. Mai ciwon ƙirji, mai haki ko yana zaune, mai kumburin ƙafa da ba a san dalilinsa ba, wanda bai daɗe da shanyewar ɓarin jiki ko tiyata ba, da mai suga wanda ciwon ya taɓa idonsa, duk su fara ganin likita. Wanda ya taɓa karaya daga ƙaramar faɗuwa, ko bayansa ya ranƙwafa, ko ya faɗi sau 2 cikin shekara, wurinsa sashen gashi na asibiti, inda likitan fisiyo zai tsara masa nasa. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina yana da wannan sashe.

Sai gwaji, don a san inda aka tashi. A samo kujerar katako marar hannu, tsayin mazauninta santimita 43 zuwa 45, a jingina ta da bango. Dattijo ya zauna a tsakiya, ya harɗe hannuwa a ƙirji, a ƙirga sau nawa zai miƙe sosai ya koma cikin sakan 30. A ma'aunin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ke amfani da shi, namiji ɗan 60 zuwa 64 da ya yi ƙasa da 14, ko mace ƙasa da 12, ya gaza sa'anninsa. Ga 'yan 70 zuwa 74 iyakar ita ce 12 ga maza, 10 ga mata. Ga 'yan 80 zuwa 84, 10 da 9. Wanda ba ya iya tashi ko sau 1 sai da hannu, sifili za a rubuta masa, kuma shi ya fi kowa buƙatar abin da ke tafe. A rubuta lambar da kwanan wata a bayan katin asibiti.

Mako 4 zuwa 6 na farko na kafa tushe ne, babu sauri a ciki. Kwana 2 a mako, da hutun kwana 2 ko 3 a tsakani, misali Litinin da Alhamis. Tafiyar minti 5 a tsakar gida don ɗumama jiki, minti 10 lokacin hunturu. A zauna a gaban kujera, ƙafafu a buɗe daidai faɗin ƙugu, a ja dunduniya baya har ta shiga ƙarƙashin gwiwa, a karkato ƙirji gaba har hanci ya zo saitin yatsun ƙafa, sannan a tashi cikin sakan 2, a koma cikin sakan 3. Sau 8 zuwa 10, a huta minti 2, a sake. Zubi 2 ke nan. Wanda abin ya fi ƙarfinsa a ɗora masa matashi mai tauri ko naɗaɗɗen bargo a ƙara tsayin kujera da santimita 5 zuwa 10, ya dafa cinya da hannu, a riƙa ragewa mako-mako. Ga mai rauni sosai nauyin jikinsa kaɗai ya kusa iyakar ƙarfinsa, don haka cewa ya yi sauri a wannan mataki maganar banza ce, babu abin da zai yi saurin da shi. Wannan shi ne gaskiyar masu cewa ƙarfi ne gaba.

Idan ya iya tashi sau 10 a jere ba hannu, gwiwa ba ta lanƙwasowa ciki, ba ya faɗawa kan kujera, sai a canza umarni. Tashi da iyakar saurin da zai iya, kamar an kira shi da gaggawa, amma tafin ƙafa na manne da ƙasa, babu tsalle. Ya tsaya cak sakan 1, ya koma cikin sakan 3. Sau 5 ko 6 kawai, hutun minti 2, zubi 3. Mutane kan raina wannan adadi su ce ai Baba zai iya 15. Zai iya, amma daga na 7 ko na 8 saurin ya fara mutuwa, zaren mai sauri ya gaji ya bar wa mai jimiri aikin, an koma horon juriya ba a sani ba. Ƙa'idar ita ce da an ga tashi biyu a jere sun fi na farko jinkiri, zubin ya ƙare. Kuma ko da a ido dattijon bai yi sauri ba, muddin niyyarsa ta bugawa da sauri ce, jijiyoyin na koyon abin da ake so.

Nauyi kuwa ledar fiya wata ta wadatar, don awonta sananne ne: kowace rabin kilo, jaka mai 20 kilo 10. A zuba 4 a jakar makaranta, kilo 2 ke nan, a rungume ta a ƙirji. Idan zubi 3 sun tafi da sauri a zama biyu a jere, a ƙara leda 2. Masana na cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na iyakar ƙarfi, amma ba sai an gwada iyakar ba: nauyin da mutum zai iya ɗagawa sau 15 zuwa 20 a hankali shi ne zai ɗaga sau 6 da sauri. Da ƙafa ta yi ƙwari, yana da kyau ɗaya daga kwanakin biyu ya zama na nauyi mai yawa a hankali, wanda sau 8 zuwa 10 ke gajiyarwa, don ƙashi da ƙarfin kansa nauyi suke so.

Bayan kujera akwai motsi huɗu da ake yi da salo guda, hawa da sauri, sauka a hankali. Hawa matakala mai tsayin santimita 15, ta siminti wadda ba ta motsi, hannu na dafe da bango, sau 5 kowace ƙafa. Kada a ɗora bulo a tsakar gida a ce matakala ce, yana juyawa, mai rami kuma yana fashewa. Ɗage dunduniya a tsaya kan yatsu sau 8, wanda ke gina sha-raɓa, ita ce ke tura mutum gaba a tafiya. Jingina baya da bango a ɗaga yatsun ƙafa sama sau 10, don tsokar gaban ƙwauri, wadda rauninta ke sa tsoho jan ƙafa har yatsa ya kama tabarma. Sai tura bango da hannu biyu, ƙafa na nesa da shi taku 1 da rabi, sau 8.

Wanda na fi so a kula da shi, kuma aka fi mantawa, shi ne taku na ba-zata. Dattijo ya tsaya kusa da bango, jika ya tsaya a gefensa yana kira: gaba, dama, baya, hagu, ba bisa tsari ba. Duk inda aka kira ya jefa ƙafa taku ɗaya babba da sauri, ya ɗora nauyinsa a kai, ya dawo. Kira 10 zuwa 12, zubi 2. Shi ne ainihin abin da jiki ke yi lokacin tuntuɓe. A haɗa da koyon tashi daga ƙasa: a mirgina gefe, a hau gwiwa da hannu, a rarrafa zuwa kujera, a kafa ƙafar da ta fi ƙarfi a gaba, a dafa a tashi. Duka zaman bai wuce minti 25 zuwa 30 ba.

Inda abin ke ɓaci sananne ne. Na farko kujerar roba. A kan tayil tana zamewa baya daidai lokacin da aka yunƙura, tsohuwar kujera kuma ƙafafunta na buɗewa ta zube da mutum. 'Yar tsugunno ta yi ƙasa da yawa ga mai farawa, kushin kuma yana nutsewa. Na biyu, sakin jiki a faɗa kan kujera. Rabin amfanin yana cikin saukar, ita ce ke koya wa cinya birki, kuma faɗawa da ƙarfi na iya murƙushe ƙashin baya ga tsohuwar da ƙashinta ya yi laushi. Na uku, riƙe numfashi, wanda ke harba jini sama ya kuma matsa wa mai gwaiwa da mace mai yoyon fitsari. Maganinsa mutum ya fitar da iska lokacin tashi, ko ya ƙirga da baki. Na huɗu, lilo da jiki gaba da baya don samun tashi, wanda ke ƙara lamba a takarda ya bar cinya yadda take. Sai sutura: silifas, safa a kan tayil, babbar riga, zani ko hijabi mai jan ƙasa. Ƙafa ba takalmi a kan busasshen siminti ta fi, sai mai suga, wanda dole ya sa takalmi rufaffe saboda ƙafarsa na iya jin rauni bai sani ba. Masu shan maganin hawan jini, musamman mai sa fitsari, sukan ji jiri in sun miƙe farat ɗaya, don haka tashi 3 na farko a kowane zama a yi su a hankali a ga yadda kai yake.

Tsamin cinya kwana 1 ko 2 bayan zaman farko ba ciwo ba ne, yana wucewa. Ciwon gaɓa daban ne. Mai amosanin gwiwa zai iya yi, ƙarfin cinya ma na rage masa ciwo, amma idan gwiwa ta kumbura ko zafin ya wuce awa 24 fiye da yadda aka saba, a ƙara tsayin kujera a rage nauyi. Ciwon ƙirji, duhun gani, bugun zuciya ba tsari, ko mutuwar hannu ko ƙafa, a tsaya nan take a nufi asibiti.

Tsoka ba ta ginuwa da koko da tuwo kaɗai. Masana abincin tsofaffi na ba da shawarar giram 1 zuwa 1.2 na furotin, wato sinadarin gina jiki, ga kowane kilo na nauyin jiki a yini, wato mai kilo 60 na son giram 60 zuwa 72, ban da mai ciwon ƙoda wanda likita zai yanka wa nasa. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin dafaffen wake kamar 13, kofin nonon da ba a tsinka da ruwa ba kamar 8. Awara, alala, ƙosai, kifi busasshe a miya duk suna shiga lissafi, ƙuli-ƙuli kuma a daka shi a zuba a kwaɗo tunda haƙora sun tafi. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafi ke kai maki 40, a yi bayan asuba ko bayan la'asar a inuwa, a sha ruwa tukuna. Da azumi a mayar da shi bayan buɗa baki da kamar awa 1, a rage zuwa zubi 2. Mai allurar insulin ko ƙwayar da ke saukar da suga da ƙarfi kada ya yi da yunwa.

Akwai masu ganin abin bai dace da girma ba, wai dattijo da natsuwa aka san shi. Babu wanda ya ce Alhaji ya sa gajeren wando ya zagaya filin wasa na Muhammadu Dikko. A ɗakinsa zai yi, ƙofa a rufe, da jika ɗaya. Ga iyayenmu mata, waɗanda ƙarfin ƙafarsu tun asali bai kai na maza ba kuma ƙashinsu ke saurin laushi bayan ɗaukewar al'ada, wannan ma ya fi sauƙi a kan tattakin da ake ce musu su yi a titi. Manomi kuma kada ya ce noma ya ishe shi: aikin damina na jimiri ne da sunkuyo, rani kuma wata 6 ne ko fiye na zama.

Abin da ya rage na hukuma ne, kuma ba mai tsada ba. Dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, amma Abuja ba za ta ƙirga wa kowa tashi daga kujera ba. Jihar Katsina na da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, kuma dattawa na zuwa asibitocin matakin farko awon jini da suga, suna zaman jira a benci. Kujerar katako ɗaya, agogon waya, da horon yini ɗaya ga ma'aikacin lafiya sun isa a riƙa yin gwajin sakan 30 tare da awon jini, a rubuta a kati, a nuna motsi 3 ga wanda ya gaza. Likitocin fisiyo ba su da yawan da za su ga kowa, don haka aikinsu ya zama horar da waɗannan ma'aikata da karɓar masu wuyar sha'ani. Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta jiha ita ma tana da dama a hannu, tunda tana tara maniyyata bita watanni kafin tashi, da yawansu dattawa, kuma sa'ayi kaɗai ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi, hawa mota da turereniyar jifa. Minti 10 a kowane zaman bita, maza daban mata daban, mako 12 kafin jirgi, ya isa a ga canji.

Bayan mako 12 a maimaita gwajin da kujerar farko, a lokaci irin na farko. Yawanci lambar na hawa, kuma ƙarin makonnin farko daga jijiya yake zuwa tun cinya ba ta canza kama ba, don haka kada a duba kaurin ƙafa a yanke hukunci. Idan ba ta motsa ba, a duba abu uku: ko nauyin bai taɓa ƙaruwa ba, ko zaman bai kai 2 a mako ba, ko akwai wata cuta a ɓoye kamar ƙarancin jini, suga da bai daidaita ba ko raunin zuciya, wanda sai an koma wa likita. Idan ta hau, ba a dainawa, don abin da aka samu yana fara zubewa cikin 'yan makonni da barin horo. Zama 1 mai kyau a mako, da nauyin da aka kai, yana riƙe mafi yawansa lokacin tafiya ko hidimar biki, sannan a koma 2.